Amsa ga ɗana na Daura kan Tinariwen da jitar Buzaye

Ɗan wani aminina da ke Daura, wanda ya sayi jita a bana ya fara koyo, ya aiko mini da tambaya kan Tinariwen, ƙungiyar mawaƙan Buzaye ta arewacin Mali. Ga ta a taƙaice: "Kawu, na saurari tsofaffin waƙoƙin Tinariwen, na kuma saurari na baya-bayan nan, sai na ji kamar ba mutane ɗaya ba ne. Abokaina sun ce tun da Turawa suka rungume su suka sayar da kiɗan. Haka ne? Shin ma rok suke yi ko gargajiya? Kuma ta yaya ƙungiya take wuce shekara arba'in ba ta watse ba?"

Ɗana, na daɗe ina jiran wanda zai yi mini wannan tambaya, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsar.

A farkon shekarun 1990 ina da ɗan shago nan Katsina wajen Ƙofar Guga, ina gyaran rediyo ina kuma ɗaukar waƙa a kaset. Wata rana da la'asar wani Buzu mai gadi a unguwar ya shigo, rawani ya rufe masa fuska sai idanu, ya zaro kaset daga aljihu a naɗe cikin ƙyalle kamar laya. Rediyo ta tauna zaren har ya tsinke. Na kwance kusoshin, na miƙe zaren da bayan farce, na datse inda ya cukurkuɗe, na liƙe da jan farce, na zura biro na naɗe shi. Babu suna a jikin kaset ɗin, babu hoto. Da na saka don gwaji, abin da ya fara fitowa shi ne hucin nan na kaset da aka kwafa daga kwafin kwafi, sannan jita biyu suka shigo, da tafi, da wata murya can ƙasa kamar mai magana da kansa. Mutumin ya tsuguna a bakin ƙofa, bai ce uffan ba har fuska ɗaya ta ƙare. Na tambaye shi sunan mawaƙin, ya ce su dai "jita" suke ce wa wannan kiɗa gaba ɗayansa. Na ce to me ake faɗa a ciki? Ya ce assuf. Da na matsa masa, ya ce kewa ce, amma irin wadda ke kama mutum da dare idan ya tashi daga bakin wuta ya fuskanci duhu. Sai bayan shekara goma, da faifan Tinariwen na farko ya shigo hannuna, na gane gidan da wancan kiɗa ya fito. Tun daga lokacin nake bin su, na koyi bugun jitar tasu, kuma da kunnen mai haɗa sauti a wajen biki zan amsa maka.

Mutanen da muke kira Buzaye ko Abzinawa, su da kansu Kel Tamashek suke ce wa kansu, wato masu harshen Tamashek. Da Turawan mulkin mallaka suka tafi sai ƙasarsu ta rabu tsakanin Mali da Nijar da Aljeriya da Libiya da Burkina Faso. A 1963 aka yi bore a tsaunukan Adrar na arewacin Mali, sojoji suka murƙushe shi, suka kashe mutane da dabbobi. Cikin waɗanda aka kashe har da mahaifin Ibrahim Ag Alhabib, lokacin Ibrahim yana yaro ƙarami. Ya tashi a gudun hijira a kudancin Aljeriya, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Sai ga farin 1973, daga baya na 1984, ya ƙarasa abin da ya rage na garke. Manyanmu a nan sun san wannan zamani, don shi ne ya kawo Buzaye da yawa Katsina da Daura da Kano suna aikin gadi, mutum da ya taso da raƙuma ya koma zaman bakin get da butar shayi. Samarin da suka nufi arewa, Tamanrasset ta Aljeriya da biranen Libiya, aka sa musu suna ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi. Ba su da takarda, ba su da garke, ba su da ƙasar da ke son su.

A Tamanrasset, a 1979, Ibrahim ya haɗu da Alhassane Ag Touhami da wasu 'yan'uwa biyu, Inteyeden da Liya Ag Ablil, suka fara kiɗa a wajen bukukuwa. Jama'a ne suka laƙaba musu Kel Tinariwen, mutanen hamada. Tenere shi ne hamada ɗaya, tinariwen jam'insa. A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Buzaye su zo Libiya a ba su horon soja, suka tafi, kuma a sansanonin can ne ƙungiyar ta yi kauri da irin su Keddou Ag Ossad, da Mohammed Ag Itlale da ake kira Japonais, da Abdallah Ag Alhousseyni. Duk wanda ya kawo musu kaset marar komai sai su cika masa kyauta. Babu jarida da Tamashek a lokacin, babu gidan rediyon da zai faɗi abin da suke faɗa, saboda haka kaset ɗin shi ne jarida, yana bin direbobi da 'yan ci-rani daga hannu zuwa hannu. Ta haka irinsa ya sauko har aljihun mai gadi a Katsina.

Yanzu ɗauko jitarka, don a nan ne amsar tambayarka ta biyu take.

Mai koyon rok na Turawa, abin da ake fara nuna masa shi ne yadda zai damƙe wayoyi da yatsun hagu a wuri uku ko huɗu, yana tashi daga wannan damƙa zuwa waccan, waƙar tana tafiya da sauyin. Tinariwen ba sa yawan yin haka. Sau da yawa waƙa takan zauna a gida ɗaya daga farko har ƙarshe. Babban yatsan dama yana dukan waya mai kauri ba tsayawa, yana riƙe ƙasa, sauran yatsu suna tsinkar sirara suna zana karin waƙa a samansa, da ɗan ja da saki da hagu kamar yadda mai goge ke yi wa tsirkiyarsa. Matakan sautin da suke takawa biyar ne, irin waɗanda kunnenka ya saba da su a garaya da molo da kuntigi. Shi ya sa Bahaushe ko bai san kalma ɗaya ta Tamashek ba, kiɗan ba ya yi masa baƙunta.

Bugun kuma daga mata ya fito. Buzaye suna da ganga da ake kira tende, turmi ne ake ɗaure wa fatar akuya a baki, a riƙa jiƙa ta da ruwa, mata su zauna da'ira ɗaya na bugawa ɗaya na bayar da waƙa saura na amshi da tafi, maza su hau raƙuma suna zagaye su. Idan ka saurari Tinariwen ka manta da jitar na ɗan lokaci ka bi tafin kawai, tende za ka ji. Akwai rangaji a ciki, mataki uku-uku da tafi ke ratsawa biyu-biyu, wanda mutane ke kwatantawa da tafiyar raƙumi. Suna kuma da imzad, goge mai tsirkiya ɗaya da mata ke bugawa, da tahardent mai kama da molo. Daga waɗannan ukun suka ɗebo yadda yatsa ke motsi a kan jita.

Ga wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. A wurinsu, kamar a wurinmu, kayan kiɗa yana da masu shi. Yadda muka san kalangu da mahauta, tambari da kotso da fada, roƙo kuma gado ne, haka tahardent yake hannun gidajen da suka gaji kiɗa da yabon manya. Ɗan babban gida ba ya ɗaukarsa. Ita kuwa jita baƙuwa ce, ba ta da dangi, ba wanda ya gaje ta. Kowa zai iya ɗauka, kuma wanda ya ɗauka ba dole ba ne ya wasa wani. Sai samarin nan suka yi da ita abin da ba a saba ba, suka yi wa tsararrakinsu magana kai tsaye: ku farka, ku daina rarrabuwa, ku dubi halin da iyayenku mata ke ciki, ku tuna 1963. To idan rok shi ne samari su haɗa kansu, su ɗauki jitar lantarki da amfilifaya, su rubuta waƙarsu da kansu kan abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya, Tinariwen 'yan rok ne ba tantama. Sun saurari Jimi Hendrix da Santana da Dire Straits da Bob Marley a kaset, sun kuma saurari Nass El Ghiwane na Maroko, waɗanda suka nuna musu cewa ana iya faɗa wa hukuma gaskiya da karin gida. Turawa sun sa wa kiɗan suna buluz na hamada, amma su 'yan ƙungiyar sun sha faɗa cewa ba su san buluz, kiɗan baƙar fatar Amurka, ba sai da suka fara fita waje. Kamar da ke tsakani ta jini ce, don bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma da irin wannan kunne suka tafi.

A 1990 abin da waƙoƙin ke kira ya auku. Bayan kisan da aka yi a Cin-Tabaraden ta Nijar a watan Mayu, bore ya tashi a Mali a watan Yuni, kuma wasu daga cikinsu sun ɗauki bindiga. A Janairun 1991 aka sa hannu kan yarjejeniyar Tamanrasset, suka ajiye makami suka koma ga jita. A Maris 1996 aka ƙona makamai kusan 3,000 a Timbuktu don shaida sulhu. Na ambaci wannan ne a gurguje da gangan, domin masu tallar faifai a Turai sun ja labarin "bindiga a hannu, jita a baya" har ya fi ƙarfinsa. Yaƙin da suka shiga na watanni ne, kiɗan kuwa ya haura shekara arba'in.

Sai maganar abokanka. Ka nemo musu kaset ɗin da wasu 'yan ƙungiyar suka je Abijan suka ɗauka, wanda ya fito a 1992 aka kuma sake fitar da shi a 2022 da sunan Kel Tinariwen. Za su sha mamaki. Akwai gangar na'ura a ciki, akwai fiyanon lantarki, sautin ya yi kama da na rawar birni ta wancan zamani. Wannan fa shekaru ne kafin wani kamfanin Turai ya san da su. Ke nan gwada sabon abu halinsu ne tun asali, kuma abin da abokanka ke ɗauka shi ne "na gaske", jita tsirara da tafi, rabinsa zaɓi ne rabinsa rashin kayan aiki ne.

Ƙofar waje ta buɗe ne ta hannun wata ƙungiyar Faransawa mai suna Lo'Jo, da suka haɗu da su a Bamako a 1998. Tare aka shirya Bikin Hamada na farko a Tin Essako a Janairun 2001, kuma a wannan shekara faifansu na farko da ya shiga duniya ya fito, The Radio Tisdas Sessions, wanda Justin Adams da Jean-Paul Romann suka ɗauka a ɗan gidan rediyon Tamashek da ke Kidal a arewacin Mali, inda wuta ke zuwa na 'yan sa'o'i da dare. Kana jin hakan a faifan. Waƙoƙin a hankali suke, jitoci a bushe, babu mai gaggawa. Shi ne mafi kusa da kaset ɗin mai gadina.

Babban canjin da kunnenka ya kama ya faru ne tsakanin Amassakoul na 2004 da Aman Iman na 2007, kuma ba Turawa ne suka kawo shi ba, samarin Buzaye ne. Eyadou Ag Leche ya shigo da jitar bes mai kaurin sauti, Said Ag Ayad da ƙwarya da jembe, Elaga Ag Hamid da jitar rakiya. Yaran nan da kaset ɗin Tinariwen aka yaye su. Kafin zuwansu ƙasan kiɗan babban yatsa ne kawai ke riƙe da shi. Da bes ya shigo sai aikin ya rabu: Eyadou ya ɗauke nauyin ƙasa, ya bar jitocin sama su yi yawo. Kuma bes ɗinsa ba na zama wuri ɗaya ba ne, yana tsalle yana dawowa, akwai ɗanɗanon rege da na rawar birni a ciki. Ƙwaryar Said ta ba su dukan da ke cika babban fili, wanda tafi kaɗai ba zai cika ba. Na san wannan matsala da hannuna. Kiɗan da ya yi daɗi ga mutum ashirin a zaure, idan ka kai shi filin biki da lasifika huɗu sai ya zama siriri kamar zare in babu abin da ke riƙe ƙasansa. Su kuma yanzu gaban dubban mutane suke tsayawa. A 2007 su suka buɗe wa Rolling Stones taro a Slane ta ƙasar Ailan, a 2010 suna cikin waɗanda suka yi kiɗan buɗe gasar cin kofin duniya a Afirka ta Kudu.

Idan ka ce in zaɓi faifai ɗaya, Aman Iman zan ɗauka. Ma'anar sunan ruwa shi ne rai. A Bamako aka ɗauke shi, Justin Adams ya sake zama a kan na'ura, kuma a nan ne komai ya zauna daidai: jitar lantarki ta samu haƙora, amshin mata ya fito sarari, tsofaffi da samari suka zama jiki ɗaya. A ciki ne Ibrahim ya sake rera tsohuwar waƙarsa kan 1963. Ka saurare ta da dare, ka lura da yadda ba ya ɗaga murya. Mutum ne yana ba da labarin abin da ya cinye masa uba, amma kamar mai ƙirga dabbobin da suka rage. Wannan kamun kai shi ne abin da na fi girmamawa a wurinsa, kuma shi ne abin da masu kwaikwayonsa suka fi kasa kamawa.

Daga nan sai suka yi abin da ya saɓa wa zargin abokanka. Maimakon su nufi manyan situdiyo na Landan ko Faris, sai suka koma baya. Imidiwan na 2009, wato abokan tafiya, a Tessalit aka ɗauke shi, garin su Ibrahim. Tassili na 2011 kuwa a jejin Djanet na kudu maso gabashin Aljeriya, cikin tanti da tsakanin duwatsu, suka ajiye yawancin jitocin lantarki suka ɗauki na katako. Shi ne ya ci musu Grammy, babbar kyautar kiɗa ta Amurka, a 2012. A wannan faifai ne kuma baƙi suka fara shigowa sosai: mawaƙa biyu na ƙungiyar TV on the Radio, da mai jita Nels Cline na ƙungiyar Wilco, da masu busa daga New Orleans, dukansu daga Amurka.

A nan zan ba abokanka rabin gaskiyarsu. Ba kowane baƙo ne ya ƙara wa miyar daɗi ba. Inda baƙon ya zauna a baya ya shimfiɗa sauti kamar hazo, kamar yadda Nels Cline ya yi, abin ya yi kyau. Inda aka sako baiti da Turanci a tsakiyar waƙar Tamashek, ni dai kunnena yakan yi tuntuɓe, ina jin kamar an buɗe ƙofa iska ta shigo ana tsakiyar hira. Kuma gaskiya ne sunan baƙo a bayan faifai yana sayar da shi a Amurka, kamfanoni sun san haka. Akwai ma asarar da ta fi wannan, wadda ba laifin kowa ba ce: waƙar da aka yi don ta tayar da saurayin Kidal daga barci yanzu ana rera ta ga jama'ar da ba ta jin ko kalma, suna rawa da abin da ya sa mai gadina ya tsuguna shiru. Wannan yana damuna. Amma sayar da kiɗa wani abu ne daban. Wanda ya sayar yakan sauya harshe, ya gajarta zancensa, ya ɗauko bugun da kasuwa ke so. Su har yau da Tamashek suke waƙa, ba su mai da jerin gangunan rok ginshiƙin kiɗansu ba, ba su bar zama a gida ɗaya ba, ba su bar amshi ba.

Sannan ka san dalilin da ya sa faifan da suka biyo baya aka ɗauke su a nesa. A Janairun 2012 aka yi Bikin Hamada na ƙarshe a Timbuktu, kwanaki kaɗan bayansa sabon bore ya tashi. Kafin shekara ta ƙare, ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai, ciki har da Ansar Dine ta Iyad Ag Ghali, wanda ya jagoranci boren 1990 kuma ya san su tun zamanin Libiya, suka karɓe arewacin Mali suka haramta kiɗa. A farkon 2013 aka kama ɗaya daga masu jitarsu, Abdallah Ag Lamida, daga baya aka sake shi. Gida ya gagara. Emmaar na 2014 a hamadar Joshua Tree ta Kalifoniya aka ɗauke shi, kuma kana jin nauyin hakan, faifai ne mai duhu, jitoci suna jan ƙafa. Elwan na 2017, ma'anarsa giwaye, an yi wani sashensa a M'Hamid ta kudancin Maroko, kuma ba sai an fassara maka wace ce ciyawar da giwayen ke takewa ba. Amadjar na 2019 sun tsara shi ne a kan hanya suna gangarawa ta gaɓar teku zuwa Muritaniya, suka kafa tanti kusa da Nuwakshot suka ɗauka tare da mawaƙiyar ƙasar, Noura Mint Seymali. A ganina wannan baƙuwar ta fi duk sauran dacewa, don maƙwabciya ce, hamada ɗaya ta haife su. Amatssou na 2023 an so a yi shi a Nashville ta Amurka, annobar korona ta hana, suka koma Djanet, mai haɗa sauti Daniel Lanois ya sa hannu daga nesa, aka saka banjo da goge irin na makiyayan Amurka. Banjo kuwa jikan molo ne da ya ƙetare teku, shi ya sa bai yi baƙunta ba kamar yadda na zata kafin in ji.

Ka ga ke nan kowane faifai da ƙasar da aka shimfiɗa tabarmarsa. Abin da kake ji ya bambanta yawanci ɗakin ne, da na'urar, da wanda ya zauna a gefe, da shekarun da suka hau muryoyin.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ƙungiyar rok ta Turawa yawanci mutum huɗu ne ko biyar da aka sani da suna, in biyu suka ɓata shi ke nan. Beatles shekara goma kacal suka yi suka watse a 1970. Rolling Stones suna nan tun 1962, amma a wuyan Mick Jagger da Keith Richards suke rataye. Ko a nan gida ka duba, Alhaji Mamman Shata da ke kwance a garinku tun 1999, ya yi fiye da shekara hamsin yana waƙa, amma ƙungiyarsa a kan murya ɗaya aka gina ta, makaɗa da 'yan amshi duk bayansa suke. Tinariwen ba haka aka gina ta ba. Ta fi kama da ayari. Akwai masu bayar da waƙa da yawa, Ibrahim da Abdallah Ag Alhousseyni da Alhassane kowa da nasa waƙoƙin da nasa hali: Ibrahim mai nauyi da tunani, Abdallah mai jitar katako da tsabtar yatsa, Alhassane mai rawa da fara'a a gaban jama'a. Wanda ya gama tasa sai ya koma layi ya yi wa na gaba amshi da tafi. Mutum yana iya sauka a wani zango ya koma wajen iyali da dabbobi, ayari ya ci gaba. Japonais, wanda da yawa ke ɗauka shi ne babban mai baitinsu, bai cika bin su yawon duniya ba har ya rasu a 2021. Inteyeden ya rasu tun 1994. Keddou da Liya sun ware sun yi Terakaft. Akwai shekarun da Ibrahim kansa ya zauna gida bai bi su ba, aka ci gaba da taro da sunan Tinariwen, ba wanda ya ce ƙarya ne. Waƙoƙin ba mallakar mutum ɗaya ba ne tun ranar da aka fara cika wa mutane kaset kyauta.

Kuma ayarin ya haifi wasu. Tamikrest daga yankin Kidal, Imarhan daga Tamanrasset, sannan a Nijar marigayi Abdallah Oumbadougou ya share wa su Bombino na Agadas hanya. Wanda ya kamata ka fi sa wa ido shi ne Mdou Moctar, wanda ya ɗauki jitar nan ya ƙara mata gudu da ƙara har ta koma rok tsantsa da cikakkun ganguna. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinanmu na Hausa, ya kuma yaɗu ta katin waya da bulutut kamar yadda na Tinariwen ya yaɗu ta kaset. Saboda haka mu ma muna da hannu a cikin sauye-sauyen wannan kiɗa, ba Turawa kaɗai ba.

Ga yadda nake so ka saurare su. Fara da The Radio Tisdas Sessions, ka bi shi da Aman Iman a zama ɗaya, kunnenka a kan bes, za ka ga inda aka yi kwana. Sannan Tassili, sannan Amadjar. Kaset ɗin Abijan ka bar shi ƙarshe ka saka wa abokanka ba tare da ka faɗa musu shekararsa ba, ka ce su canka.

Wajen koyo kuma, kada ka yi saurin bin yatsun sama, nan ne kowa ke ruɗewa. Ka yi mako biyu babban yatsanka kaɗai ke aiki a kan waya mai kauri, kana taka ƙasa da ƙafa, har ya zamana za ka iya hira da mutum yatsan bai ɓata ba. Ka sa ƙannenka mata su yi maka tafi, don su za su fi ka kama bugun da farko. Sai bayan nan ka ƙara sauti ɗaya a sama, sannan biyu. In Allah ya kai mu Sallah ka taho Katsina da jitar, akwai wayoyi sababbi a wurina, zan ɗaura maka in nuna maka yadda ake sassauta ta saman don ta yi amo irin nasu. Ka gaida mahaifinka.